Lakar najasa a gona: abin da sarrafawa da ajiya ke yi wa ƙarafa masu nauyi

Duk matatar da ke tsabtace ruwan kwatar birni abu biyu take fitarwa. Akwai ruwan da aka tace, wanda ake saki ya bi rafi, akwai kuma baƙar laka mai kauri da ke kwantawa a gindin tankuna. Ruwan yana tafiya abinsa, lakar ce ke zama wa masu matata alƙaƙai, domin kullum ƙaruwa take yi kuma dole a sama mata wurin zuwa. Manomi kuwa idan ya gan ta taki yake gani, kuma bai yi kuskure ba. Tana ɗauke da naitirojin da fosfaras, ga ruɓaɓɓen abu mai gyara jikin ƙasa ya sa ta riƙe ruwa. Shi ya sa birnin Milwaukee na Amurka yake busar da tasa yana sayarwa a buhu da sunan Milorganite tun 1926, kuma da aka hana Birtaniya zubar da tata a teku a ƙarshen 1998, gonaki ne suka karɓi kaso mafi girma.

Matsalar ita ce lakar ba abincin shuka kaɗai take tarawa ba. Dalma, kadmiyam, zaiba, tagulla, tutiya, nikel da kuromiyam duk suna bin ruwan kwata, kuma ɗabi'arsu ce su manne wa ɓarɓashin da ke yawo a ruwa. Idan ɓarɓashin ya kwanta sai su kwanta tare da shi. Wato iya kyan aikin matata iya yawan ƙarfen da zai koma lakarta. Wasu daga masana'antu suke fitowa, kamar majema da masu rufa wa ƙarfe fenti ko ruwan kuromiyam da masu haɗa batir. Wasu daga gidaje ne: bututun tagulla, kwanon rufi mai tutiya da ruwan sama ke wankewa, man shafawa, har da zaibar da likitocin haƙori ke cike rami da ita. Titi ma yana ba da nasa kaso, daga tayar mota da birki.

Kafin a kai lakar gona ana sarrafa ta, kuma galibi ana ajiye ta watanni. To me waɗannan matakai biyu ke yi wa ƙarafan?

Abu na farko da ya kamata ya zauna a ran mai karatu shi ne ƙarfe ba ya ruɓewa. Zafi yana kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsar ciki yana mutuwa idan aka daɗe, wari yana gushewa, amma giram ɗaya na kadmiyam da ya shiga tanki giram ɗaya ne zai fito, a cikin laka ko a cikin ruwan da ya tsiyaye ko a cikin hayaƙi. Duk hanyoyin sarrafa laka da aka saba da su an ƙirƙiro su ne don a rage cuta da wari da nauyin kaya. Babu wadda aka tsara don ƙarafa. Abin da suke taɓawa shi ne yawan ƙarfen a kowane kilo na laka, da kuma irin ɗaurin da ke riƙe da shi, kuma waɗannan biyun sau da yawa ba hanya ɗaya suke bi ba.

A ɗauki hanyar da manyan matatu suka fi amfani da ita, ta rufe laka a tanki marar iska a ɗumin da ya kai maki 35 na Salshiyas har kwana 15 ko fiye. Bakteriya suna cinye ruɓaɓɓen abin da ke ciki su mayar da shi iskar gas, wadda ake ƙonawa a samu lantarki. Mu yi lissafi na misali. A ce busasshiyar laka kilo 100 tana da kilo 70 na abin da ke iya ruɓewa, bakteriya suka cinye rabinsa. Saura kilo 65 ke nan. Idan da can tutiyar da ke ciki miligiram 1,000 ce a kowane kilo, yanzu ta haura 1,500, alhali ba a ƙara ko ƙwayar zarra ba. Kamar miya ce da aka bari a wuta ta ƙafe, gishirin da aka sa da farko shi ne dai, amma yanzu ya fito. Saboda haka lakar da ta fi sarrafuwa, wadda ba ta wari, ita ce za ta fi nuna yawan ƙarfe a takardar gwaji.

Sai dai a cikin tankin nan wani abu yana faruwa da ke sassauta lamarin. Inda babu iskar oksijin, wasu bakteriya suna juya gishirin farar wuta ya zama salfayid, shi ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Salfayid yana kama tagulla, kadmiyam, tutiya da dalma ya mayar da su wani abu da da ƙyar yake narkewa a ruwa. Abin da bai narke ba kuwa saiwa ba ta iya sha. Ƙarfen ya ƙaru a lissafi, amma a ranar da lakar ta fito daga tanki a ɗaure yake.

Masana suna da dabarar auna wannan ɗauri. A 1979 André Tessier da abokan aikinsa a Kanada suka fito da hanyar wanke samfuri da sinadarai ɗaya bayan ɗaya, daga mai laushi zuwa mai ƙarfi, a ga abin da kowane zai fitar. Kashi biyar suka raba ƙarfen: wanda ke sake a bayan ɓarɓashi, wanda ke cikin kabonet (dangin alli), wanda ke manne da tsatsar baƙin ƙarfe da manganis, wanda ke ɗaure da ruɓaɓɓen abu da salfayid, sai wanda ke kulle a cikin ma'adinin kansa. Na farko da na biyu su ne ke kusa da bakin saiwa. Idan aka bi laka da wannan gwaji, tagulla galibi tana wajen ruɓaɓɓen abu, dalma da kuromiyam suna cikin kashin da ke da wuyar motsi, su kuwa tutiya da nikel da kadmiyam kullum wani ɓangarensu yana sako-sako. Amma a tuna cewa gwajin hoton rana ɗaya ne. Yana faɗin yadda ƙarfen yake a yau, ba ya alkawarin yadda zai kasance bayan damina biyu.

Hanya ta biyu ita ce zuba farar ƙasa. Dokar Amurka ta ce a zuba har ma'aunin pH (mai auna tsami da kanwa: 7 tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami, sama da haka kanwa) ya kai 12 bayan awa biyu, wato lakar ta zama mai kaifin kanwa sosai. Wannan yana kashe cututtuka da yawa, kuma tunda an ƙara kaya a kan kaya, adadin ƙarfe a kowane kilo yana sauka. Tutiya da kadmiyam suna daskarewa. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce an gama, amma kaifin kanwa yana narkar da wani ɓangare na ruɓaɓɓen abu, shi kuma ya tafi da tagulla da nikel a cikin ruwan da ke tsiyaya. Ƙarfen molibdinam ma ya fi saki a irin wannan yanayi, kuma idan ya yi yawa a ciyawa yana hana jikin shanu amfani da tagulla har su rame. Bugu da ƙari kaifin ba ya dawwama. Iskar da muke fitarwa a numfashi tana shiga tulin a hankali ta mayar da farar ƙasar alli, ma'aunin ya yi ta sauka har ya koma wajen 8.

Hanya ta uku, wadda ta fi dacewa da ƙarfin ƙasashe irin namu, ita ce haɗa lakar da dusar katako ko buntun shinkafa ko tattaka, a tula, a riƙa juyawa har ta nuna ta zama taki. Zafin tulin yana haura maki 55, kuma idan ya daɗe a haka kwanaki yana gamawa da yawancin cututtuka. A nan abubuwa biyu ne ke ja-in-ja. Ruɓewa tana rage nauyi ta tattara ƙarfe, kayan da aka haɗa kuma suna tsinka shi. Wanda ya rinjaya ya danganta da yawan abin da aka zuba da kuma tsabtarsa, domin wanda ya haɗa laka da sharar bola mai fasassun batura ya ƙara wa Barno dawaki ne kawai. Takin da ya nuna sosai yana da baƙin abu mai riƙe tagulla da dalma da kyau. Tutiya ba ta cika jin wannan riƙo ba.

Yanzu ga ajiya, wadda a ganina ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Matatar ruwa kullum tana fitar da laka, gona kuwa sau ɗaya ko biyu a shekara take buƙata. Dole lakar ta jira, a kududdufi ko a tuli a gefen gona. Ana ɗaukar wannan jira kamar babu abin da ke faruwa, alhali a lokacin ne ɗaurin da aka yi a tanki yake fara kwancewa.

Da zarar tulin ya fara bushewa ya tsattsage, iska ta samu hanya. Salfayid ɗin da ya kama ƙarafa idan ya haɗu da oksijin sai ya koma gishirin farar wuta, ya saki abin da ya riƙe, ya kuma haifar da tsami. A lokaci guda wasu bakteriya suna juya amoniya ta zama naitiret, shi ma aiki ne mai haifar da tsami. Lakar da ta fito daga tanki ma'auninta yana tsakanin 7 da 8 tana iya sauka ƙasa da 6 a ɓawon tulin, musamman idan ba ta da alli da yawa da zai tare tsamin. Kuma babu abin da ke sakin tutiya, nikel da kadmiyam kamar tsami. Cikin tulin, inda iska ba ta kai ba, yana nan baƙi yana wari, ƙarafansa a ɗaure. Wato tuli ɗaya yana iya ba da sakamako biyu, ya danganta da inda mai gwaji ya soka shebur.

Sannan ga ruwan sama. Idan ya sauka a kan tulin da ba a rufe ba, abin da ya saki yana bin ruwa ya nutse a ƙasan wurin ko ya gangara rafi. Wanda ya auna lakar bayan damina zai iya ganin tutiya ta ɗan ragu ya yi murna, bai san ta koma ƙarƙashin ƙafarsa ba ne. Jiƙewa da bushewa, jiƙewa da bushewa, su ne suka fi tsananta wannan. Lakar da ta zauna a ƙarƙashin ruwa a kududdufi tana riƙe ƙarafanta muddin ba a yashe ta ba, wadda ta bushe ƙayau ita ma ba ta motsi sosai, sai dai iska ta kwashe ƙurarta. Ta tsakiya ce mai rikici. Ajiya mai tsawo tana da nata alheri, tana rage ƙwan tsutsa kuma tana sa ruɓaɓɓen abu ya ƙara nuna ya riƙe tagulla, amma a ƙarƙashin rumfa, a kan daɓen siminti mai magudanar da ke mayar da ruwan tsiyaya cikin matata.

Ƙonawa ba sai an daɗe a kanta ba. A zafin maki 850 ruɓaɓɓen abu duk ya tafi, zaiba ta bi hayaƙi sai an tare ta da matattara, wani kaso na kadmiyam da dalma ya koma tokar da ke tashi, saura ya taru a toka ninki biyu ko uku na yadda yake a da. Gasa laka ba tare da iska ba har ta zama gawayi yana ɗaure ƙarafa da ƙarfi, amma nan ma sun taru ne. Akwai hanyoyin cire su da gaske, ta wanke laka da ruwan asid ko a sa bakteriya masu cin farar wuta su tsamar da ita har ƙarafan su narke a tace. Suna aiki a ɗakin gwaji. Tsadarsu ce ta hana su yaɗuwa.

Dokoki kuma a kan me suka dogara? A kan jimillar ƙarfe, ba a kan ɗaurinsa ba. Dokar Tarayyar Turai ta 1986 ta sa iyakar kadmiyam a laka tsakanin miligiram 20 da 40 a kowane busasshen kilo, dalma 750 zuwa 1,200, tutiya 2,500 zuwa 4,000, ta kuma sa iyaka ga ƙasar gonar kanta, inda kadmiyam ba zai wuce 1 zuwa 3 ba. Dokar Amurka ta 1993 ta ce lakar da ta wuce miligiram 85 na kadmiyam ko 840 na dalma ba za ta shiga gona ba, wadda kuma ba ta wuce 39 da 300 ba ana ɗaukar ta mai inganci. Akan soki waɗannan dokoki da cewa sun yi biris da ilimin ɗauri. Ni kuwa ina ganin nan ne suka yi daidai. Ɗauri yana canzawa da tsami da iska da shekaru, jimilla ce kaɗai abin da gona za ta gada.

Wannan shi ne tushen wata muhawara da ta daɗe tsakanin masana ƙasa a Amurka. Rufus Chaney na ma'aikatar noma ta ƙasar yana cikin masu cewa laka tana zuwa da maganin dafinta, domin tsatsar ƙarfe da fosfet da ke cikinta ba sa ruɓewa kuma za su ci gaba da riƙe ƙarafan, don haka abin da shuka ke sha yana kai wani matsayi ya tsaya. Murray McBride na Jami'ar Cornell ya ƙalubalanci wannan a 1995, yana cewa idan an daina zuba laka, ruɓaɓɓen abu ya ƙare, ƙasa ta yi tsami, abin da aka ɗaure zai iya kwancewa a hannun wanda bai ma san an taɓa zubawa ba. Kowane ɓangare yana da gonakin gwaji da ke mara masa baya, kuma abin da ke raba sakamakon galibi shi ne irin ƙasar da ko an ci gaba da kula da tsaminta.

Akwai gona ɗaya da kowa ke ambata. A Woburn ta Ingila, cibiyar binciken noma ta Rothamsted ta zuba lakar najasa a wasu fuloti daga 1942 zuwa 1961, sannan ta daina. Fiye da shekara 20 bayan haka aka dawo aka auna. Mafi yawan ƙarafan suna nan a saman ƙasa inda garma ke kaiwa. Ƙananan halittun da ke rayar da ƙasa sun ragu zuwa kusan rabi idan aka kwatanta da fulotin da aka sa wa takin dabbobi. Ciyawar kulofa, wadda dangin wake ce, ta yi rawaya ta ƙi girma, saboda bakteriyar da ke zama a saiwarta tana samo mata naitirojin daga iska ta daina aiki. Lakar wancan zamani ta fi ta yau datti nesa ba kusa ba, amma darasin tsawon zama bai canza ba. Wasu ƙasashe sun ga ba za su iya jira ba. Suwizalan ta hana kai laka gona tun 2006, Jamus kuma ta yi doka a 2017 da ta tilasta wa manyan matatu ciro fosfaras daga laka ko tokarta, daga 2029.

Ba duk ƙarafan ne haɗarinsu ɗaya ba. Tagulla, tutiya da nikel sukan kashe shuka kafin su taru a cikinta har su cutar da mai ci. Dalma da zaiba da kuromiyam ba sa hawa daga saiwa sosai, hanyarsu ita ce ƙurar da ta manne a ganye, ko ƙasar da yaro ya sa a baki, ko wadda dabba ta haɗiye tare da ciyawa. Kadmiyam ne ɓarawon da ke wucewa ba a ji motsinsa ba. Latas, alayyafo, taba da shinkafa suna shan sa su yi kore shar. A jikin mutum yana taruwa a ƙoda, kuma yakan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Japan ta ga ƙarshen wannan a yankin Toyama, inda ruwan mahaƙar Kamioka ya bi kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa, ƙasusuwan mutane, musamman mata, suka riƙa karyewa, har gwamnati ta amince a 1968 cewa kadmiyam ne sanadi. Ma'aunin abinci na duniya ya sa iyakarsa a miligiram 0.2 a kilon ganye, 0.4 a kilon shinkafa.

A ƙasar Hausa manyan matatu irin na Turai ba su da yawa, ta Wupa a Abuja na cikin 'yan kaɗan da ake da su a arewa. Abin da muke da shi da yawa shi ne abin da motocin yashe masai ke kwasowa, da lakar da ake haƙowa daga magudanai. A Tamale ta arewacin Gana manoma sun daɗe suna karɓar kayan motocin a gonakinsu da rani, su bar rana ta busar kafin shuka. Kayan masai na gida galibi ƙarfensa kaɗan ne, babban haɗarinsa cuta ce, sai fa inda ake jefa batura da tarkace a rami. Lakar magudanar da ta ratsa masana'antu wani abu ne daban. A Kano, ruwan Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, inda masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji da karas, majemun Sharaɗa da Challawa kuma da kuromiyam suke jima. Kuromiyam ɗin jima ba shi da motsi sosai a ƙasa, har Amurka ta cire shi daga jerin dokarta a 1995. Amma idan aka ƙona lakar jima a fili, musamman da yake tana da farar ƙasar da aka cire gashin fata da ita, wani ɓangarensa yana rikiɗa zuwa nau'in da ke narkewa a ruwa kuma yake jawo sankara. Wanda ya cinna wa irin wannan tuli wuta don ya rage shi ya mayar da mai barci mai gudu.

Ƙasarmu ma ba irin wadda aka rubuta dokokin can dominta ba ce. Jigawa ce mai yashi, ruɓaɓɓen abinta sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, zafi yana cinye wanda aka ƙara cikin 'yan shekaru, takin yuriya kuma yana ƙara mata tsami a hankali. Irin wannan ƙasa ba ta da hannun riƙe ƙarfe. Birtaniya ta hana zuba laka a ƙasar da ma'aunin pH ɗinta ya gaza 5, wato mai tsami sosai, kuma akwai gonakin gero a yammacin Nijar da ke wajen wannan adadi. A ɗaya gefen, gonakinmu da yawa suna fama da ƙarancin tutiya, don haka laka mai tsabta daga unguwannin zama tana iya yi musu amfani biyu. Bambancin duk yana ga inda lakar ta fito. Mutanen Zamfara sun ga yadda ake raba dalma da ƙasa bayan annobar gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare: sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kwashe aka binne, aka kawo sabuwa. Ana iya yi wa tsakar gida haka, ba a iya yi wa kadada dubu.

Raguwar da aka samu a ƙarafan lakar Turai da Amurka daga shekarun 1970 zuwa yau ba daga sabon tanki ko sabuwar dabarar ajiya ta zo ba. An tilasta wa masana'antu ne su tace ruwansu kafin su sake shi cikin kwatar gari, an daina sa dalma a fetur, an rage kadmiyam a fenti da batir. Ga hukumar da ke son manoma su amfana da laka a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, aikin yana farawa da raba ta masana'antu da ta gidaje tun daga motar da ta ɗauko, kada su haɗu a rami ɗaya. Gwaji kuma a yi shi lokacin da za a kwashi takin zuwa gona, a ɗebo daga ɓawon tuli da cikinsa a gauraya, a auna tsamin gonar da za ta karɓa, sannan a rubuta tan nawa aka zuba a wace gona a wace shekara, domin iyakar da ake lissafawa ta dukan shekarun da aka yi ana zubawa ce.